Muhawara: wane gwajin jini ne ke fara nuna halin da ƙodar dashe take ciki?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon likitocin da ke wannan zaure su amsa mini ita ba kwana-kwana. Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda a cikinmu ya haddace lambar kiriyatinin ɗinsa. Ita ake aunawa kafin ranar ganin likita, ita likita ke fara nema a takarda kafin ya ce maka ya jiki. To sai ga ɗan 'yar uwata da ke karatu a Amurka yana gaya mini cewa a can akwai gwajin da ke gano ɓurɓushin DNA na ƙodar da aka dasa a cikin jinin mai ita, kuma yana nuna matsala tun kiriyatinin bai motsa ba. Idan haka ne, ashe gwajin da muka dogara da shi sai aikin gama ya gama yake magana? Me ya sa ba a taɓa ambata mana wancan ba?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Abban Sadik ka riga ni a baki ne kawai. Muna jiran Dakta.

Likitan Ƙoda:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ɗan 'yar uwarka gaskiya ya faɗa, kuma ba zan kare kiriyatinin a inda bai cancanci kariya ba. Tsokar jiki kullum tana aiki, tana sakin wani datti kaɗan-kaɗan cikin jini, shi ne kiriyatinin. Ƙoda ke tace shi ta zubar a fitsari. In tacewa ta ragu sai ya taru. To taruwa sai da lokaci: ƙoda za ta ji ciwo yau, a yi kwana ɗaya ko biyu kafin lambar ta nuna. Abin da ya fi wannan damuna shi ne ƙoda tana da rarar ƙarfi. Wani sashe nata zai iya lalacewa a hankali, sauran matatun su ƙara himma su rufe gurbin, lamba tana nan inda take, kowa hankalinsa kwance.

Duk da haka kada a raina shi. A 2002 an buga wani bincike a Amurka da ya bi bayanan dashe sama da 100,000, aka ga kiriyatinin na cikar shekara ɗaya bayan aiki yana hasashen tsawon ran ƙodar sosai. Waɗanda nasu ya haura 1.5 mg/dL ƙodarsu ta fi saurin gajiyawa. Har gobe manyan lissafin hasashe da shi ake yin su.

Abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya kuwa, jinkirin zuwa gwajin ya fi jinkirin kiriyatinin yi mana ɓarna. Ƙa'idar da KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ta fitar a 2009 ta ce a auna kullum a makon farko, sau biyu zuwa uku a mako har ƙarshen watan farko, mako-mako a wata na biyu da na uku, duk mako biyu daga wata na huɗu zuwa na shida, wata-wata har shekara ta cika, daga nan duk wata biyu ko uku. Kowa ya duba takardunsa ya ga ko ya bi wannan jadawalin.

Maman Khalifa:
Dakta kafin a yi nisa. Maigidana a Indiya aka yi masa aikin. Ranar da aka sallame mu takardarsa 1.3 ta nuna, likitan can ya ce madalla. Muka dawo Kano aka sake aunawa, na karɓo sakamako a taga na buɗe a tsaye, na ga 118. Gwiwoyina suka yi sanyi, na zauna a kan benci na kasa kiran kowa. Babu wanda ya yi mana bayani can ko nan cewa ma'aunin ne ya bambanta. Ina roƙon a faɗa wa masu shirin tafiya.

Malamar Gwaji:
Sannu Maman Khalifa, ba ke kaɗai ba ce. Indiya da Amurka da mg/dL suke rubutawa, yawancin manyan asibitocinmu kuma da µmol/L. A ninka ta farko da 88.4 sai ta ba da ta biyu. 1.3 ɗinku kusan 115 ke nan, ita da 118 duk ɗaya ne.

Ɗan Maradi:
Mu nan wajenmu lokotoro ya rubuta mini 13. Wannan kuma fa?

Malamar Gwaji:
Duba gefen lambar, za ka ga mg/L. Ɗakunan gwajin da ke bin tsarin Faransa da yawa haka suke rubutawa. Raba da goma, 13 ɗinka 1.3 ce.

Tunda an taɓo fannina bari in ƙara. Ku riƙe ɗakin gwaji guda, domin hanyoyin aunawa sun bambanta, jini ɗaya zai iya ba da lambobi biyu masu ɗan tazara a wurare biyu. Kada a cika ciki da tsire ko balangu ana gobe gwaji, dafaffen nama yana ɗaga lambar na wasu sa'o'i. A lokacin bazara kuma mutum ya zo daga nesa cikin rana bai sha ruwa ba, lambar za ta hau.

Babban abin da nake so ku riƙe: ƙaramin rubutun nan da ke gefen takarda mai nuna iyakar lafiya, ba don ku aka yi shi ba. Naku ma'aunin ita ce lambar da jikinku ya zauna a kai bayan aiki. Wanda ya saba da 80 ya wayi gari da 110, takarda ba za ta yi masa jan layi ba, alhali ya hau da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wannan ya ga likita a ranar.

Ɗalibi a Ingila:
Ina gaida Dakta da Anti. Ni ina bayan Abban Sadik, kuma a kan wannan fanni nake karatu. Ina jin tsoron a rufe maganar da cewa ku dai ku riƙa zuwa gwaji, alhali ilimi ya yi gaba.

Ga misali NGAL. Furotin ne da ƙananan bututun ƙoda ke saki da zarar sun ji ciwo. A 2005 masu bincike a Sinsinati ta Amurka suka nuna yana tashi cikin sa'o'i biyu a yaran da ƙodarsu ta taɓu bayan tiyatar zuciya, kiriyatinin kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Daga baya aka gwada shi a dashe, aka ga awon da aka yi a ranar farko yana taimakawa wajen hasashen wace ƙoda ce za ta yi nauyin tashi har mai ita ya buƙaci wankin ƙoda a makon farko.

Sai wanda Abban Sadik ya kawo. Duk ƙwayar halittar da ta mutu tana zubar da gutsattsarin DNA cikin jini. Ƙodar dashe DNA ɗin mai bayarwa take ɗauke da shi, don haka ana iya ware nata daga na mai karɓa a ƙirga. Ƙoda mai zaman lafiya kaɗan take zubarwa. In garkuwar jiki ta far mata sai adadin ya tashi, kuma tunda gutsattsarin ba sa daɗewa a jini, abin da aka gani labarin yau ne. Binciken DART na 2017 shi ya kafa iyaka: na ƙodar dashe kada ya haura kashi 1 cikin 100 na gutsattsarin DNA da ke jini. A 2024 kuma mujallar Nature Medicine ta buga wani da ya haɗa mutum 2,882 daga Turai da Amurka, ya nuna ƙara wannan gwajin a kan waɗanda aka saba yana inganta gano ƙin karɓa, wato lokacin da garkuwar jiki ta far wa ƙodar dashe, har a mutanen da lambobinsu ke zaune lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne Dakta.

Abban Sadik:
Yauwa! Allah ya yi maka albarka yaro. Abin da nake nufi ke nan.

Likitan Ƙoda:
Ɗalibi ka kawo gaskiya, sai dai ka tsaya a rabi. Koma cikin DART ɗin ka karanto mana sauran. A cikin waɗanda nasu ya haura kashi 1, kusan shida cikin goma ne bayofsi, wato duba ɗan naman ƙodar da aka tsakuro da allura, ya tabbatar jikinsu na ƙin ƙodar. A cikin waɗanda nasu ke ƙasa, kusan kashi 84 cikin 100 ne suka fita lafiya, saura suna da matsalar gwajin bai gani ba. Ya fi kaifi a kan ƙin karɓar da sinadaran yaƙi na jini ke haddasawa, yana kuma yawan tsallake mai sauƙi irin na ƙwayoyin T, wasu sojojin garkuwar jiki.

NGAL kuwa amfaninsa ya fi yawa a ƙasashen da ake ɗauko ƙoda daga mamaci, ta yi sa'o'i cikin ƙanƙara kafin a dasa. Irin wannan ce ke yawan nauyin tashi. Mu a nan daga rayayye ake cirewa, ɗaki na kusa da ɗaki, sau da yawa tun mutum yana kan gadon tiyata fitsari ke fara zuba. Ciwon sanyin mafitsara ma yana ɗaga NGAL.

Ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan gwaje-gwajen suna gaya maka ƙoda tana jin ciwo, ba sa gaya maka me ke cin ta. Akwai wata ƙwayar bairas mai suna BK, an fara gano ta a 1971 a Landan a fitsarin wani ɗan Sudan da aka yi wa dashen ƙoda. Yawancinmu muna ɗauke da ita tun yarinta tana kwance. In maganin danne garkuwa ya yi yawa sai ta farka ta kama ƙodar dashe. Kiriyatinin zai hau, DNA ɗin ma zai iya hawa. A ido, ita da ƙin karɓa kamar an tsaga kara. Maganinsu kuwa hannun riga: mai ƙin karɓa ƙara masa magani ake yi, mai BK rage masa ake yi. Likitan da ya ga lamba ta hau ya ɗura wa mai BK manyan allurai, da hannunsa ya ƙarasa ƙodar. Shi ya sa ake so a auna BK a jini wata-wata a watannin farko, in ya haura kwafi 10,000 a kowace mililita a ɗauki mataki. Shi ya sa kuma har yanzu bayofsi ke yanke hukunci, wato a sa siririyar allura a tsakuro ɗan naman ƙodar a duba a madubin likita, bisa ma'aunin da masana suka fara tsarawa a garin Banff na Kanada a 1991.

Abban Sadik:
Dakta ni fa tsoron allurar nan nake yi. In gwajin jini zai raba ni da ita ai ko nawa ne gara in biya.

Likitan Ƙoda:
A nan kam ka taɓo amfaninsa na gaske. In sakamakonsa ya yi ƙasa sosai kuma sauran alamu lafiya, yana iya sa likita ya jinkirta bayofsi. Sai dai farashinsa a Amurka ya haura dala 2,000 kowane awo, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Ka lissafa wata nawa na takrolimus, maganin danne garkuwa, wannan kuɗin zai saya. Bayofsin ƙodar dashe kuma ya fi na ƙodar asali sauƙi, domin tana nan gaban mara kusa da fata, ana kallon ta a na'urar hoto ana sa allurar, bayan an kashe zafin wurin. Akwai haɗarin zubar jini, shi ya sa ake kwantar da mutum wasu sa'o'i ana lura da shi, amma mai tsanani ba kasafai ba.

Ɗalibi a Ingila:
Na karɓi maganar tsada Dakta, amma ban yarda ta zama dalilin yin shiru ba. Awon yawan ƙwayar HIV a jini ma da can sai ƙasashen Turawa, yau ga shi ana yi a jihohinmu. In likitocinmu ba su fara nema ba, ba su shiga binciken ba, za a gama tsara iyakokin gwajin a kan jinin wasu a kawo mana mu yi ta amfani da shi a makance.

Kuma ga wanda bai kai wancan tsada ba, sistatin C. Shi ma ƙoda ke tace shi kamar kiriyatinin, sai dai kusan duk ƙwayoyin jiki ke yin sa, bai damu da yawan tsoka ba. Wanda ya daɗe a kan injin wankin ƙoda ya rame, tsokarsa ta zube, kiriyatinin ɗinsa zai fito ƙasa ya yi kyau a takarda alhali ƙodar ba ta kai haka ba. A 2022 an buga binciken da aka yi a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu a kan mutum sama da 2,500. Aka auna ainihin tacewar ƙodarsu, aka kwatanta da eGFR, wato lissafin ƙiyasta tacewar ƙoda, wanda aka yi da kiriyatinin, sai aka ga lissafin yana ƙara wa mutanenmu maki, na sistatin C ya fi kusa da gaskiya.

Malamar Gwaji:
Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma injinan da ke manyan ɗakunan gwajinmu da yawa za su iya yin sa in an sayo sinadarin. Amma a sani firednisolon, ɗaya daga magungunan danne garkuwa, yana ɗaga sistatin C, ciwon maƙoƙo da sauran rikicin wannan ƙullin na wuya ma suna juya shi. Masu dashe kuwa akasarinsu suna kan firednisolon. Haɗa biyun a lissafi ɗaya ya fi kowanne shi kaɗai. Sannan duk wanda takardarsa ta eGFR ke da layi biyu, na baƙar fata da na sauran mutane, ya bi na sauran mutane. An cire wancan ƙarin daga lissafin tun 2021.

Likitan Ƙoda:
A kan shiga bincike ba ni da ja, Ɗalibi. In ka gama ka dawo gida mu yi tare.

Mai Kantin Magani:
Salamu alaikum. Ina ta karatu tun ɗazu ina jiran a ambaci gwajin da ni a wurina ya fi kowanne hasashen gobe, ban ji ba. Awon takrolimus a jini.

Maganin nan tazarar da ke tsakanin kaɗan da yawa a cikinsa ƙanƙanuwa ce. Ya yi ƙasa, garkuwa ta farka. Ya yi sama, shi da kansa yana matse jijiyoyin ƙoda ya ɗaga kiriyatinin, ga rawar hannu, ga ciwon suga. Ana ɗibar jinin ne sa'o'i 12 bayan shan na dare, kafin a sha na safe. Sau nawa nake ganin mutum ya haɗiyi ƙwayarsa da asuba, ya hau mota, ƙarfe tara a ɗebi jini, sakamako ya fito sama, a rage masa magani a kan lambar da ba ta gaskiya ba. Ku sa ƙwayar a aljihu, a ɗebi jini, sannan ku sha a nan bakin taga.

Na biyu, yawancin 'yan Afirka muna da nau'in sinadarin hanta mai suna CYP3A5 da ke aiki da ƙarfi, yana narkar da takrolimus da sauri, akasarin Turawa kuwa nasu ba ya aiki. Shi ya sa namu kan buƙaci ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da Bature zai sha kafin a kai lamba ɗaya. Kada wani ya ga ƙwayoyinsa sun fi na wani yawa ya rage da kansa.

Na uku, abokan tafiya. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da takrolimus ƙasa warwas cikin kwanaki. Kilaritromaisin da eritromaisin da fulukonazol suna ɗaga shi, haka lemon garehul. Gudawa mai ƙarfi ma ɗaga shi take yi, abin da mutane ba sa zato. Septrin da ake ba ku a watannin farko yana ɗan ɗaga kiriyatinin ba tare da ya taɓa tacewar ƙoda ba, likitanku ya san da wannan. Su diklofenak da ibuprofen da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuwa, a yi nesa da su.

Dattijon Zaure:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni na daɗe da tawa ƙodar, ƙanena ne ya ba ni, Allah ya biya shi. Abin da zan faɗa ba daga littafi ba ne. Mutanen da muka riƙa haɗuwa da su a layin asibiti, waɗanda suka koma kan inji, akasarinsu ba gwaji ne ya gagare su ganowa ba. Kuɗin magani ne ya yanke. Mutum ya sayar da gona an yi aiki, 'yan uwa sun yi karo-karo sun gaji, wata shida ya ji garau, sai ya fara shan na safe ya bar na dare don kwalin ya kai ƙarshen wata. Ba zai gaya wa likita ba saboda kunya. Tun 2002 ake dashe a Asibitin Malam Aminu Kano, aikin hannun likitocinmu ba abin rainawa ba ne. Abin da ke bayan aikin shi ne nauyin.

Likitan Ƙoda:
Baba kun faɗi abin da ya fi duk abin da na rubuta nauyi, kuma akwai gwajin jinin da ke ganin sawun wannan tsallaken. In magani yana yawo, yau sama gobe ƙasa, jiki yakan fara ƙera sinadaran yaƙi da aka auna musamman a kan HLA na mai bayarwa, wato tambarin da ke kan ƙwayoyin jikinsa wanda garkuwa ke gane baƙo da shi. Su ake kira DSA. Suna cin ƙananan jijiyoyin ƙoda a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekaru, kafin kiriyatinin ya ce uffan. A Manitoba ta Kanada an bi mutum 315, aka buga sakamakon a 2012. Kashi 15 cikin 100 sun ƙera sababbin DSA, kuma rashin shan magani a kan ƙa'ida na cikin manyan dalilai. Bayan shekara goma, kashi 57 cikin 100 na masu DSA ne ƙodarsu ke aiki, a waɗanda ba su da shi kuwa kashi 96. Abban Sadik, in kana da kuɗin gwaji na musamman guda ɗaya a shekara, ni wannan zan fara nuna maka, musamman in an taɓa rage maka magani ko ka taɓa yankewa.

Ɗalibi ya san iBox, lissafin da ƙungiyar masu dashe ta Faris ƙarƙashin Alexandre Loupy ta buga a 2019 bayan gwada shi a kan mutum 7,557. Da suka tace abubuwan da ke hasashen ko ƙoda za ta kai shekara uku, biyar, bakwai, me ya rage a hannunsu? Tsawon lokaci tun dashe, eGFR, furotin a fitsari, DSA, da abin da bayofsi ya nuna. Furotin a fitsari fa, gwajin da ko a ƙaramin asibiti ana yi, mutane kuma suna tsallake shi don ba jini ba ne. A auna shi duk wata uku a shekarar farko, bayan nan ko sau ɗaya a shekara.

Ɗalibi a Ingila:
Lokacin da aka tara bayanan iBox ai ba a fara awon DNA ɗin ba Dakta, shi ya sa babu shi a ciki. Loupy ɗin nan dai yana cikin waɗanda suka yi binciken 2024.

Likitan Ƙoda:
Haka ne. Kuma a can ɗin ma ƙara shi suka yi a kan waɗannan, ba su cire ko ɗaya ba.

Abban Sadik:
To na ji. Ban fasa son ganin ranar da za a riƙa yin sa a nan ba, amma DSA ɗin zan tambaya a zuwa na gaba. Ban taɓa jin sunansa ba sai yau.

Ɗan Gashuwa:
Salamu alaikum manya. Ni ba a yi mini dashe ba, ni ne zan bayar. Yayana ke kan inji, kuma kun san yadda ciwon nan ya yi mana yawa a yankinmu. An ce jininmu ya dace. Tambayata, akwai gwajin da za a yi mini ni, da zai nuna ko ƙodata za ta daɗe a jikinsa, kuma ko wadda ta rage mini za ta riƙe ni?

Maman Khalifa:
Allah sarki. Allah ya saka maka da Aljanna ƙanena.

Likitan Ƙoda:
Amin. Malam, tambayarka tana da amsa, kuma ka yi daidai da ka yi ta tun yanzu. Lafiyar ƙodar da aka dasa tana farawa ne daga jikin mai bayarwa: shekarunsa, hawan jininsa, sugansa, da ƙarfin tacewar ƙodarsa. Ƙa'idar KDIGO ta 2017 ta ce tacewar da ta kai 90 zuwa sama ta yi, ƙasa da 60 ba a karɓa, tsakaninsu kuma sai an auna mutum da shekarunsa da sauran halinsa. Tunda ciwon ya yi yawa a garinku kuma ga shi a gidanku, ka nemi a haɗa maka da sistatin C da awon furotin ɗin albumin a fitsari, kada a tsaya a kiriyatinin guda.

Akwai kuma ƙwayar gado mai suna APOL1. A 2010 aka gano wasu nau'o'inta biyu, G1 da G2, da suka yaɗu a Yammacin Afirka saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi na sauran. Binciken H3Africa da aka buga a 2024 ya auna mutum 8,355 a Najeriya da Gana, masu ciwon ƙoda da masu lafiya, kusan kashi 30 cikin 100 suna da biyun. A Amurka an ga ƙodar da aka ɗauko daga mamaci mai biyun tana saurin gajiyawa a jikin wanda aka dasa wa, an kuma ga masu bayarwa da ke da biyun tacewar ƙodarsu ta fi raguwa bayan shekaru. Yawancin masu biyun ba sa taɓa yin ciwon ƙoda, don haka ba hukunci ba ne. Amma ga saurayi mai ɗan uwa na jini a kan inji, gwaji ne da ya dace ka tambayi likitocinku ko za a iya aika jininka a yi, ku zauna ku tattauna sakamakon kafin a sa ranar aiki.

Ɗan Gashuwa:
In na bayar, ni ma zan riƙa zuwa gwaji kamar shi?

Likitan Ƙoda:
Ba kamar shi ba, kai babu maganin danne garkuwa a kanka. Kiriyatinin ɗinka zai hau bayan aiki, kada ya firgita ka. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma da himma har tacewarka ta zauna wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na yadda take da. Lambar da ka zauna a kai bayan wasu watanni, rubuta ta ka adana, da ita za a riƙa kwatanta na gaba. Daga nan duk shekara a auna maka hawan jini, kiriyatinin, suga, da albumin a fitsari, ko kana jin ƙalau. In kana aikin gona ko na rana, ruwa ya zama yana kusa da kai, kuma duk mai kantin da zai ba ka maganin ciwon jiki ka gaya masa ƙoda ɗaya gare ka.